Ka zare filogin kafin ka karɓi kuɗinka

Ranar wata Litinin da safe aka kira ni wani asibiti mai zaman kansa a Kano. An ɗauke wuta da asuba, batirin infata ya ƙare, aka tada janareta. Sabar ta tashi, fitilunta na ta ƙyalli, amma manhajar da ake duba katin marasa lafiya ta ƙi buɗewa. Na tarar da layi har bakin ƙofa. Wata tsohuwa na zaune a ƙasa da jikanta mai zazzaɓi a cinya, ma'aikaciyar kati kuma tana rubuta sunaye a bayan takardar magani. Duk wanda ka tambaya sai ya ce laifin wuta ne. Wallahi ba laifin wuta ba ne. Laifin wanda ya girka na'urar ne, wanda ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa bai taɓa kashe ta ya kunna ko sau ɗaya ya ga yadda za ta tashi ba.

Ga abin da ya faru. A da, idan kwamfuta mai Linux za ta tashi, manhajoji layi suke bi, kowacce da lambarta, daga S01 har S99, ƙarama ta riga babba. A shekarar 2010 Lennart Poettering na kamfanin Red Hat da Kay Sievers suka fito da systemd, kuma a 2015 Debian da Ubuntu suka koma kansa. Shi ba ya jera layi. Duk abin da ba a ce masa ya jira ba, lokaci guda yake sakinsa. Ba ni da ja da wannan, don tashi ya fi sauri. Amma yanzu kai mai girkawa kai za ka rubuta wa ke jiran wa, kuma nan ne ragwaye ke cin amanar mutane.

Mutumin nan layi ɗaya ya rubuta, After=network.target, wanda na tabbata kwafo shi ya yi daga intanet. Bai ce manhajar ta jira rumbun bayanai na PostgreSQL ba. To rumbun da wuta ta yanke masa aiki ba shiri sai ya tsaya ya gyara kansa kafin ya amsa wa kowa, a kan tsohon faifan sabar nan kuwa yana cin kusan minti guda. Manhajar ta riga shi farkawa, ta ƙwanƙwasa, shiru, ta faɗi. Idan ka sa Restart= amma ba ka canza lokacin jira ba, systemd kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa kawai yake jira ya sake tada ta, kuma in ta tashi sau biyar cikin daƙiƙa 10 sai ya sallama. Kafin ka ce kwabo damar biyar ɗin ta ƙare. Rumbun ya gama gyaransa ya zauna lafiya lau, babu mai zuwa wurinsa. Layi uku ne maganin: After= da Requires= da sunan rumbun, domin na farko tsarin wa zai riga wa ne kawai, na biyu ne ke jawo shi, sai RestartSec= da daƙiƙa 15. Saboda layi uku tsohuwar nan ta yi awa biyu a ƙasa.

Shi kansa network.target ɗin ba ya nufin kwamfuta ta samu adireshi. Wannan aikin network-online.target ne. A wajenmu kuwa, inda rauta da sabar ke mutuwa tare su tashi tare, rauta ce ke makara.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne matsala ta biyu. Ma'aikatan sun ce ko a ranakun da komai ya tashi, da azahar idan mutane sun cika sai manhajar ta fara kukan cewa fayilolin da aka buɗe sun yi yawa. Linux na ba kowace manhaja izinin riƙe fayiloli 1024 a lokaci guda, kuma kowace kwamfuta da ta haɗu da sabar tana cin nata kason a ciki. Adadin ya daɗe a haka saboda wata tsohuwar hanyar shirya manhaja mai suna select, wadda ba ta iya wuce nan. A 2018, fitowa ta 240 ta systemd ta ɗaga rufin sama zuwa 524288, amma matakin farawa yana nan a 1024. Mutuminmu ya san da matsalar, don na ga ya rubuta 65535 a cikin limits.conf. Sai dai wannan fayil PAM ne ke karanta shi, lokacin da mutum ya shiga da kalmar sirrinsa. Manhajar da systemd ya tada da kansa ba ta bi ta wannan ƙofa ko kaɗan; ita LimitNOFILE= take ji, a cikin nata fayil. Shi ya sa duk sanda aka kira shi sai ya shiga daga gida, ya tada ta da hannu, ta yi aiki, ya ce ai ga shi nan lafiya ƙalau. An ce mini kowane kira ma sai an biya shi. Wata takwas ana haka.

Na san waɗanda suka zaɓi waɗannan adadi suna da ɗakunan sabar da ke shekara ba a kashe su ba. Mu namu sau uku, sau huɗu a yini suke mutuwa. Wanda ke aiki a Kano ko Zariya ya fi kowa sanin haka, don haka ba shi da uzurin da waɗancan suke da shi. Akwai systemd-analyze critical-chain, kyauta, yana nuna maka wa ya jira wa da tsawon jiran. Minti biyar ya isa a karanta.

Da na gama gyara, na kwafe bayanan gefe, na kira manajan asibitin. Na ce, "Alhaji, da hannunka za ka zare filogin." Ya dube ni kamar na ce ya cinna wa ɗakin wuta, amma ya zare. Sau uku muka yi, rauta da sabar tare, kowane karo kuma manhajar ta dawo da kanta cikin minti biyu ba wanda ya taɓa komai. Na ce masa ya sa wannan gwaji a takardar kwangila, kuma kada ya saki ragowar kuɗin kowa, har ni, sai an yi shi a gabansa.