Gani Ya Kori Ji: Mu Adana Hotunan Garuruwanmu

Ina so in jawo hankalinku a kan wani abu da muka raina, watau hoton takarda. Ra'ayina shi ne, duk wanda ya bar hotunan gidansu a cikin wayar hannu kaɗai, to ya yi ajiya a bakin rijiya.

Bari mu fara da asalin abin. A shekarar 1833 wani Baturen Ingila mai suna Talbot ya tafi yawon buɗe ido ƙasar Italiya. A bakin tafkin Komo ya yi ƙoƙarin zana abin da ya gani, hannunsa ya kasa. Da ya koma gida sai ya shiga gwaji. Yakan jiƙa takarda da ruwan gishiri, ya shafa mata wani magani mai azurfa a ciki, ya sa ta cikin ɗan akwati mai gilashi a gaba. Inda haske ya taɓa sai ya yi baƙi. A 1835 ya ɗauki hoton wata tagar gidansa, a 1841 kuwa ya kyautata dabarar. Amfaninta biyu ne: takarda ba ta da nauyi ga matafiyi, kuma daga guda ɗaya ana iya wanke hotuna da yawa.

Matafiya ba su yi sanya ba. Daga 1849 zuwa 1851 wani Bafaranshe, Maxime Du Camp, ya zaga Masar da Falasɗinu da Sham da irin wannan akwati, yana fama da zafi da ƙura. A 1852 aka buga littafinsa da hotuna 125. Har yau mai so yana iya ganin yadda gine-ginen Fir'aunoni suke a lokacin, rairayi ya binne wasu.

To, mu fa? A 1853, shekara ɗaya tak bayan fitowar wannan littafi, Dokta Barth, Bajamushen nan da ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a Wurno zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Abin da ya bar mana rubutu ne da zanen hannu. Mun gode masa, amma idon baƙo ne, abin da ya ba shi sha'awa shi ya rubuta. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗi, ya rasu a 1837, kafin hoto ya bazu a duniya, saboda haka kamanninsa sai a bakin masu ba da labari. Amma Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ko yaron firamare ya san fuskarsa da rawaninsa, domin an ɗauke shi, an wanke, an adana.

Kakanninmu suna da uzuri, ba su da akwatin. Mu ba mu da shi. An gama ginin madatsar ruwa ta Goronyo a 1984. Ku tambayi dattawa yadda fadamar Rima take kafin nan, za su ba ku labari har dare, amma gida nawa ne za a nuna muku hoto? Haka soraye na ƙasa da rumbuna suke tafiya ɗaya bayan ɗaya, bulo da kwano suna maye gurbinsu, maƙera da masaƙa da marina suna tsufa.

Wani zai ce ai waya ta wadatar, wankin hoto ɓarnar kuɗi ce. Ban yarda ba. Waya takan faɗa ruwa, a sace ta, ko ta cika a goge na da domin a sa na yanzu. Takardar Talbot kuwa ta haura shekara 180, tana nan a ajiye a Ingila. Kuma ba na ce a wanke duka ba. Guda biyar a shekara sun isa: na kaka, na gida, na gona lokacin girbin shinkafa ko albasa, na kasuwa, na makaranta.

Ga shawarata. Iyaye su fito da tsofaffin hotuna daga ƙarƙashin katifa, su sa su cikin akwatin ƙarfe inda gara da laima ba za su kai ba. Mu ɗalibai, idan mun je hutu, mu zauna da su mu rubuta sunan mutum da gari da shekara a bayan kowane hoto, da fensir, domin tawadar biro takan ɓullo. Hoton da ba suna, bayan mai shi ya kau, ya zama takardar ƙunshe ƙosai. Kafin mu ɗauki mutum kuma mu nemi izininsa. Sa'an nan makarantarmu ta kafa ƙungiyar tarihi, ta tara kwafi, ta miƙa wa Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato.

Da ɗan gari akan ci gari. Kada mu jira wani baƙo ya zo ya nuna wa jikokinmu kamannin Wurno da Rabah da Goronyo. Hutun nan mai zuwa, kowa ya fara da gidansu.