Jan Kunne A Kan Zobo Da Hawan Jini

Ya ku 'yan'uwa, ku sani masu tallar magani sun yawaita a kasuwanni da tashoshin mota, suna ɗaga kwalaben jiƙo, suna rantsuwa wai kwalba uku tana raba mutum da hawan jini har abada. Ni ba na musun amfanin itatuwa. Abin da na ke musu shi ne har abada ɗin nan, da sha ba bisa awo ba.

Ku dubi zobo da a ke samu daga yakuwa, wanda mutanen Sudan da Masar ke kira karkade. Fa'idarsa ta tabbata. A shekarar 2010 ta Miladiyya malaman ɗibbu na Jami'ar Tufts a Boston, ƙasar Amurka, suka bayyana jarrabawar da suka yi da mutum 65 waɗanda jininsu ya soma hawa. Wasu aka ba su zobo kofi 3 kullum har mako 6, wasu aka ba su abin sha mai kama da shi. Awon jini lamba biyu gare shi, ta sama da ta ƙasa. Masu shan zobo tasu ta sama ta sauka da wajen 7, sauran da wajen 1.

To, sai lissafi. Likitoci na kiransa hawan jini in awo ya kai 140 bisa 90. Wanda ya ke kan 145, saukar 7 ta yi masa rana. Amma wanda ya ke kan 180, ko ya dawo 173 yana nan bakin rijiya, shanyewar ɓarin jiki da lalacewar ƙoda suna dakonsa. Cutar nan kuwa sau da yawa ba ta da alama, mutum yana cin tuwonsa, yana zuwa gona, ita tana cinsa. Mai kwalba bai auna kowa ba kafin ya karɓi kuɗi, gobe kuma yana wata kasuwa.

Ai ƙwayar asibiti ma wata daga itace ta fito. Saiwar sarpagandha da mutanen Indiya suka daɗe suna sha, daga cikinta aka fid da maganin reserpine a Siwizalan a 1952. Bambancin, an san miƙidarin da ke cikin kowace ƙwaya. Jiƙon kasuwa yau kauri, gobe tsululu.

Abin da na ke gani, a sha zobo, amma ba irin na talla da aka danƙara wa sukari ba. A rage gishiri da dunƙulen miya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, misalin ƙaramin cokali ɗaya. Wanda likita ya ɗora bisa ƙwaya, lalle kada ya aje ta, kuma ya shaida masa yana shan zobo, don a riƙa auna shi, kada su biyun su haɗu jini ya sauka fiye da kima. Mai juna biyu kuwa ta tambayi likita tukuna.