Hidimar gwamnati ta sauko ƙaramar waya

Hukumar da ta kulle hidimarta cikin manhajar da sai babbar waya ke buɗewa ta kwashe layin jama'a ne daga ofishinta zuwa shagon kwamfuta, inda talaka zai biya kuɗi a cike masa fom. Alhali mafita tana nan. A Ruwanda, dandalin Irembo da aka buɗe a 2015 yana aiki ta lambar *909# ba tare da intanet ba. A Najeriya ma, *346# na fito wa mutum da lambarsa ta NIN a ƙaramar waya. Laifin na masu tsarawa ne, da ke auna ƙasa da wayar aljihunsu. Kafin bikin ƙaddamarwa, a gwada kowace hidima a wayar manomi, da harshen da yake ji.