Idan Jirgi Ya Yi Nauyi, Kada Fasinja Ya Ɗauki Asarar Shi Kaɗai

Ma'aikacin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ko malamin Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, idan aka kira shi taro a Abuja, sai ya fara shan hanya kafin ya ga jirgi. Babu jirgin fasinja da ke sauka a garuruwan biyu. Dole ya yi sammako ya bi ta Haɗeja zuwa Kano, ko ya ratsa Damaturu zuwa Maiduguri. Saboda haka ranar da aka ce masa jirgi ya yi nauyi, ya haƙura sai gobe, asararsa ta fi ta mazaunin birni: kuɗin masauki, taron da ya wuce, da tuhumar da ke jiransa a ofis.

Iyakar nauyi ba ƙarya ba ce. Kowane jirgi yana da nauyin da ba zai wuce ba wajen tashi, kuma lissafin ya haɗa da mai, kaya da mutane. Zafi yana ƙara matse wannan iyaka, domin iska mai zafi ba ta da kauri: inji ya rage ƙarfi, fuka-fuki su rage ɗagawa, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya bar ƙasa. A Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a Arewa, jirgin da zai tashi cike da asuba kan gaza yin haka da azahar. Kano ba ta manta da 4 ga Mayu, 2002 ba, ranar da jirgin EAS ya faɗa kan gidajen Gwammaja jim kaɗan da tashinsa, aka rasa rayuka fiye da 100. Matuƙin da ya ƙi tashi da nauyin da ya wuce ƙa'ida ya cancanci godiya.

Sai dai zafin bazara ba baƙo ba ne. Kamfanin da ya sayar da kowace kujera a jirgin tsakar rana, ya kuma karɓi kuɗin ƙarin kaya, ya san abin da ya shuka.

Sashe na 19 na ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama, NCAA, ya tanadi cewa kafin a hana kowa hawa, sai an nemi masu janyewa da kansu. Wanda aka hana ba da son ransa ba yana da zaɓin a mayar masa da kuɗinsa ko a sa shi a wani jirgin, da abinci da masauki idan jira ya kai ga kwana, da diyyar aƙalla kashi 25 cikin 100 na kuɗin tikiti a tafiyar cikin gida. Amma an gina waɗannan tanade-tanade ne kan sayar da tikiti fiye da kujeru. Idan dalilin nauyi ne, kamfani na iya fakewa da kare rayuka ya zille wa diyya. Ko a Amurka, doka ta yafe diyyar ga ƙananan jirage masu kujeru 30 zuwa 60.

Bai kamata Najeriya ta bar wannan ɓaraka a buɗe ba. Wajibi ne NCAA ta fayyace cewa wanda aka sauke saboda nauyi haƙƙinsa ɗaya da wanda aka sayar da kujerarsa. Ta tilasta a fara sauke kayan haya kafin mutum, a kuma bayyana ƙa'idar zaɓen wanda za a bari, kada ta zama wanda bai san kowa ba. A ba shi dalili a rubuce, domin da ita zai kare kansa a ma'aikatarsa.

Shi ma fasinja ya nemi jirgin safe, ya isa da wuri, ya adana tikitinsa, ya kai kuka ga jami'an kare haƙƙin fasinja na NCAA kafin ya bar filin jirgi. Wanda ya taso daga Gashuwa tun kafin asuba ya riga ya cika nasa alkawari. Saura kamfani ya cika nasa.