Tsakuwar Mafitsara: Cirewa Ba Ita Kaɗai Ce Magani Ba

A shekarar 2024 Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa ta ƙaddamar da shirin yi wa mata masu yoyon fitsari aiki kyauta. Jama'a sun yi murna, kuma ya cancanta. Amma akwai wata matsala da ke tafe da wannan ciwo wadda ba a cika ambatonta ba, watau tsakuwar mafitsara.

Dalilinta kuwa abin tausayi ne. Matar da fitsari ke zubo mata dare da rana takan rage shan ruwa, don tana zaton ta haka zubar za ta ragu. To, fitsarin sai ya yi kauri, gishirin da ke cikinsa ya riƙa taruwa har ya dunƙule ya zama tsakuwa. Wata kuma, saboda kunya, takan cusa tsumma ko wani abu don ta toshe yoyon, sai abin ya shige mafitsara ya zama tushen da tsakuwar za ta ginu a kansa. Likitocin da suka yi aiki a cibiyar Babbar Ruga ta Katsina, inda Dokta Kees Waaldijk ya fara ɗinkin yoyon fitsari a cikin shekarun 1980, sun daɗe da sanin haka. Galibi sai an cire tsakuwar tukuna, an bari kumburi da ƙwayoyin cuta sun lafa, sa'an nan a yi ɗinkin. Ke nan aiki biyu ne, jinya biyu, kuɗin mota biyu daga ƙauye.

Ba mata kaɗai abin ya shafa ba. Dattijon da tsokar da ke zagaye da wuyan mafitsararsa ta kumbura ba ya iya juye fitsari duka, kuma ragowar da ke kwanciya ita ke haifar da tsakuwa. Haka nan yara ƙanana, musamman maza, waɗanda abincinsu kunu ne zalla ba madara ba nama, ga gudawa da zafin rana suna ƙarar da ruwan jikinsu. Sai kuma abin da asibiti da kansa ke sakawa. Robar fitsari ana son a riƙa sauya ta bayan 'yan makonni, siririyar robar da ake sawa tsakanin ƙoda da mafitsara kuwa ana cire ta bayan ɗan lokaci. In majiyyaci ya koma gida ba a yi masa bayani ba, ko kuwa ba wanda ya rubuta ranar dawowarsa, sai robar ta shekara a ciki, tsakuwa ta lulluɓe ta.

Aikin cirewar ba shi ne mai wuya ba. Hoton ciki yakan nuna tsakuwar. Hanya ta farko ita ce a tsaga mara, a buɗe mafitsara, a ɗauke tsakuwar, a ɗinke, a bar roba ta wasu kwanaki. Wannan likitan babban asibiti da ya ƙware zai iya yin sa. Hanya ta biyu ita ce a zura na'ura mai madubi ta hanyar fitsari, a farfasa tsakuwar a wanke ɓurɓushin, ba yanka. Jinyarta gajera ce, amma kayan aikinta na da tsada, kuma a manyan asibitocin koyarwa da na kuɗi aka fi samunsu.

A nan ne ya kamata ma'aikatun lafiya na jihohi su yi hattara. Sayen na'ura mai tsada yana da daɗin faɗa a rediyo, alhali kuwa mutumin karkara abin da ya rasa shi ne hoton ciki a kusa da shi, da jini, da mai sa barci, da wutar lantarki a ɗakin tiyata. Kuma in an cire tsakuwa aka bar kumburin da ya jawo ta, za ta sake dawowa.

Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowane ɗan Nijeriya, ta kuma tanadi asusu don marasa galihu. Abin da ya rage wa jihohi shi ne su tabbatar cewa cire tsakuwa yana cikin ayyukan da asusun zai biya, kuma kowane asibiti ya ajiye littafin da za a rubuta sunan duk wanda aka sa wa roba, da ƙauyensu, da ranar da za a cire ta.