A raba tafiyar gida biyu, a kwana a Lakwaja

A makon jiya wata Hajiya ta shigo kemis ɗinmu a nan Agege, ƙafafunta duk sun kumbura. Daga Kano ta dawo, zama ɗaya tun daga tasha har Legas. Da na matsa da tambaya, sai ta ce ta ajiye maganin hawan jininta kwana biyu domin yana sa ta fitsari, ruwa ma ba ta sha ba, kada ta riƙa tsayar da direba. Na auna, jinin ya hau sosai. Na ce, "Hajiya, ki koma kan maganinki, gobe ki ga likita. Tafiya ta gaba kuma ki raba ta biyu, ki kwana a Lakwaja."

Yawancinmu ta tagar mota muka san Lakwaja, a sayi soyayyen kifi a wuce. Alhali gari ne da ya cancanci a sauke kaya. Shi ne babban birnin Jihar Kogi tun 1991, kuma a nan kogin Kwara ya haɗu da Binuwai. Babu gaggawa irin ta Legas. Da yamma za ka ga masunta na dawowa da kwale-kwale, kowa yana harkarsa a natse. In ka hau Dutsen Patti da sassafe, za ka hango mahaɗar kogunan a ƙasanka.

Garin yana da tarihin da ya shafe mu. A nan Lugga ya kafa mulkin Turawa na Arewa ranar 1 ga Janairu, 1900. Nan kuma aka kawo sarakunan da Turawa suka tuɓe, ciki har da Sarkin Kano Alu, wanda ya rasu a can a 1926, da Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi. Ku kai yara su yi musu addu'a, su ga abin da suke ji a labari.

Sai dai garin bakin kogi yana da nasa sharuɗɗan. Na farko, zafi. Kada a bar magani a but ko a gaban gilashin mota. Mai allurar insulin ya sa ta a ƙaramar kula, amma kada ta taɓa ƙanƙara, domin daskarewa na lalata ta kamar yadda zafi ke yi.

Na biyu, sauro. Ku tafi da gidan sauronku, musamman saboda mai ciki da ƙananan yara. In zazzaɓi ya zo bayan kun dawo, a yi gwaji kafin a sha magani.

Na uku, ruwan kansa. Kada a bar yara su yi wanka a gefen kogi, ta fata ake ɗaukar tsargiya, kuma sai bayan makonni ko watanni a ga jini a fitsari. Kada a shiga kwale-kwale babu rigar ruwa, ko da daddare. Kifi a ci shi da zafinsa, a kuma riƙe ORS da zinc saboda gudawa.

A lura da lokaci. A 2012 da 2022 ambaliya ta datse hanyar Lakwaja zuwa Abuja, matafiya suka kwashe kwanaki a titi. Don haka a kauce wa Satumba da Oktoba. Hutun Disamba ya fi.

Na san kuɗin masauki ƙari ne a kan kuɗin mota. Amma ku kwatanta shi da kuɗin gadon asibiti in jinin Baba ya hau a hanya. Wanda kuma ƙafarsa ɗaya ta kumbura tana ciwo bayan doguwar tafiya, ya tafi asibiti a ranar, kada a tsaya shafa man zafi.

Sannu ba ta hana zuwa. Allah Ya kai mu gida lafiya. Sai mako mai zuwa.