Maganin Gaggawa Da Maganin Kullum

A wannan mako filin namu zai duba magunguna biyu waɗanda a ido babu abin da ya haɗa su, amma mutane suna yi musu kuskure iri ɗaya. Na farko shi ne maganin shaƙa na masu ciwon fuka, watau asma. Na biyu kuwa ƙwayar hana ɗaukar ciki ta gaggawa, wadda aka fi sani da suna Postinor.

Idan fuka ta taso, musamman da ƙurar hunturu, hanyoyin iska na huhu sukan tsuke, numfashi ya gagara. Maganin salbutamol, wanda aka fara sayarwa a Ingila cikin 1969 da sunan Ventolin, yakan buɗe su cikin 'yan mintoci. Sai dai aikinsa ba ya wuce awa huɗu zuwa shida, kuma ba ya taɓa kumburin da ke cikin hanyoyin, alhali kuwa shi ne tushen ciwon. Wannan kumburi sai wani maganin shaƙa na dabam, na rigakafi, wanda likita kan rubuta.

Ita kuwa ƙwayar gaggawa, sinadarin da ke cikinta, levonorgestrel, jinkirta fitowar ƙwan mace yake yi. Idan ciki ya riga ya shiga ba ta zubar da shi. Ana shanta cikin awa 72 bayan saduwa, kuma gwargwadon saurin sha, gwargwadon amfaninta. An tanade ta domin ranar tsautsayi: yarinyar da aka yi wa fyaɗe, ko matar aure mai tazarar haihuwa da ta manta ƙwayoyinta, ko kwaroron roba ya fashe.

To, ina suka yi kama? Dukansu na ceto ne, jinkiri yana rage amfaninsu, kuma suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Bugu da ƙari, yawan bukatar kowannensu alama ce ta cewa an bar wani giɓi a baya. Wanda ke ƙarar da gwangwanin Ventolin uku ko fiye a shekara, ciwonsa bai kwanta ba. Haka nan matar da ke komawa kemis kowane wata neman ƙwayar gaggawa, hanyar tazara mai ɗorewa take bukata, alal misali allura ko ashanar fata, domin sun fi ta kariya nesa ba kusa ba.

Amma fa akwai inda suka rabu. Mai fuka yana jin sauƙi nan take, ita kuwa mai ƙwaya ba za ta sani ba sai al'adarta ta zo. In ta yi jinkirin fiye da mako guda sai ta yi gwajin ciki. Ƙwayar ba ta kare saduwar da za a yi bayan an sha ta, ba ta kuma hana cututtukan sanyi ko ƙanjamau. Maimaita shanta, a faɗar Hukumar Lafiya ta Duniya, ba a san ya jawo wata babbar illa ba, sai dai yakan rikita al'ada. Dogaro da Ventolin kaɗai kuwa yana iya kai mutum kushewa, shi ya sa tun 2019 masana fuka na duniya suka daina ba da shawarar a riƙe shi shi kaɗai.

Saboda haka kada kunya ta hana kowa neman maganin gaggawa ranar da ya kama dole. Amma da zarar hankali ya kwanta, sai a nufi asibiti a nemi na kullum, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Masu kemis kuma su ji tsoron Allah, su riƙa yi wa mai saye bayani kafin su karɓi kuɗinsa.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.